Juyin Elektiron: Bayani Game da Haɗa Maganaɗisu da Mahaɗan Kabon Cikin Na'urorin Lantarki

1. Gabatarwa

Dukan na'urorin lantarki da a ke aiki da su, tun daga rediyo har zuwa kwamfuta, suna dogara ne ga tafiyar waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da a ke kira elektiron. Wani masani ɗan Ingila, J. J. Thomson, shi ne ya fara tabbatar da samuwarsu a Kambirij cikin 1897. Kowane elektiron yana da halaye biyu masu amfani ga maƙeran na'urori. Na farko shi ne cajin da ya ke ɗauke da shi, wanda shi ke kunna fitila, shi ke juya fanka. Na biyu kuwa shi ne abin da za a kira juyi cikin wannan takarda. An shekara da shekaru ana cin moriyar caji kaɗai, an bar juyi ba a kula da shi ba. Fannin ilmin da ya tashi don a sa juyi aiki shi a ke kira sifintironik.

Abin da wannan takarda ta nufa shi ne bayyana reshe ɗaya na wannan fanni, watau ƙoƙarin da masana su ke yi tun daga 2002 na haɗa ƙarfe mai maganaɗisu da mahaɗan kabon, dangin roba da rini, cikin na'ura guda. Za a nuna dalilin da ya kai su ga wannan ƙoƙari, da abin da suka samu, da kuma gardamar da ta tashi tsakaninsu.

2. Mene Ne Juyi?

Cikin 1922, a birnin Farankfot na Jamus, Otto Stern da Walther Gerlach suka hura ƙwayoyin zarra na azurfa ta tsakanin bakin wani maganaɗisu. Zaton da a ke yi shi ne ƙwayoyin za su watsu ko'ina bisa farantin da aka tare su da shi. Maimakon haka sai suka rabu gida biyu, kashi ɗaya ya karkata sama, ɗaya ya karkata ƙasa, babu na tsakiya. Bayan shekara uku, cikin 1925, waɗansu samari biyu a Jami'ar Leiden ta Holan, George Uhlenbeck da Samuel Goudsmit, suka kawo shawarar cewa elektiron yana da wani juyi nasa na kansa, wanda ya mai da shi tamkar ɗan ƙaramin maganaɗisu mai kai biyu.

Mai karatu zai iya kwatanta shi da katantanwar da yara su kan murza, ko mazarin mai kaɗi. Amma kwatancin yana da iyaka. Katantanwa ta kan rage gudu har ta faɗi, juyin elektiron kuwa ba ya raguwa, ba ya ƙaruwa. Haka kuma duk ta fuskar da aka auna shi, amsa biyu kaɗai a ke samu: ko dai yana duban sama, ko yana duban ƙasa. Wannan hali na biyu shi ya ja hankalin maƙeran kwamfuta, gama kwamfuta ba ta san kome ba sai alama biyu, watau 0 da 1.

A cikin wayar jan ƙarfe, elektiron masu duban sama da masu duban ƙasa yawansu ɗaya ne, saboda haka maganaɗisunsu ya kan kashe juna. A cikin baƙin ƙarfe da kobal da nikel kuwa kashi ɗaya ya rinjayi ɗaya, rinjayen nan shi ya sa waɗannan ƙarafa su ke zama mayen ƙarfe. Tun cikin 1936 Nevill Mott ya nuna cewa lantarki yana bi ta cikin irin waɗannan ƙarafa ne tamkar kan hanya biyu, kowane kashi da tasa, ɗaya hanyar ta fi ɗaya sauƙin bi.

3. Bawul Ɗin Juyi

Duk abin da lantarki ke bi ta cikinsa yana da wata turjiya da ya ke yi masa, babba ko ƙarama. William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya gano cikin 1856 cewa turjiyar baƙin ƙarfe da nikel ta kan sāke kaɗan in an kusanto musu da maganaɗisu. Sākewar ba ta wuce 'yan kaso kaɗan cikin ɗari ba.

Cikin 1988 Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa a nasa ɗakin gwaji, suka jera shimfiɗun baƙin ƙarfe da na kuromiyam bisa juna. Kaurin shimfiɗar kuromiyam wajen nanomita ɗaya ne. Nanomita kuwa ita ce kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Silin gashin mutum ya kan kai dubun-dubatar nanomita a kauri. Da Fert ya sanyaya na'urarsa zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyas, ya ɗora mata maganaɗisu mai ƙarfi, sai turjiyarta ta ragu da kusan rabi. Saboda wannan aiki aka ba su biyun lambar Nobel cikin 2007.

Ga yadda abin ya ke gudana. A ɗauka akwai gari mai ƙofa biyu, ta shiga da ta fita, kowace da sarkin ƙofarta. Sarkin ƙofar farko yana sakin masu farin rawani su wuce, yana tsare yawancin masu baƙi. In na biyu ra'ayinsa ɗaya da na farko, masu farin rawani sai su ratsa gari ba tsaiko. In kuwa na biyu masu baƙin rawani ya ke so, to, wanda ya tsira a ƙofar farko za a tsare shi a ta biyu, tafiya ta yi wuya ga kowa. Ƙofofin nan su ne shimfiɗu biyu na maganaɗisu, rawani shi ne juyi, cikin gari kuma shi ne shimfiɗar tsakiya. In shimfiɗun biyu suna duban fuska ɗaya turjiya ta yi ƙasa, in sun saɓa ta yi sama. Na'urar da aka gina bisa wannan tsari ita a ke kira bawul ɗin juyi.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya wajaba a riƙe, domin dukan bayanin da zai biyo baya a kansa ya rataya. Dole matafiyi ya isa ƙofa ta biyu da rawanin da ya shigo da shi. In juyin elektiron ya birkice a tsakiyar hanya, ƙofa ta biyu ba za ta san abin da ta farko ta zaɓa ba, bawul ɗin ya tashi daga aiki.

Amfanin wannan ganowa bai daɗe ba ya bayyana. Cikin 1997 kamfanin IBM ya fitar da faifan ajiya na kwamfuta wanda kan karatunsa ke aiki da bawul ɗin juyi, abin da ya sa aka iya cusa bayani mai yawan gaske cikin ɗan ƙaramin faifai. Cikin 2006 kuma kamfanin Freescale ya fara sayar da ma'ajiyar maganaɗisu, wadda ba ta manta abin da aka rubuta mata ko an ɗauke wuta.

4. Mahaɗan Kabon Masu Ɗaukar Lantarki

Abubuwa sun kasu uku wajen ɗaukar lantarki. Akwai masu ɗauka da sauƙi, kamar jan ƙarfe. Akwai masu hanawa, kamar gilashi. Akwai kuma 'yan tsaka-tsaki, waɗanda a ke iya buɗe musu hanya a kuma rufe, su a ke kira samikondakta, shahararre cikinsu shi ne silikon. A dā an ɗauka cewa roba da danginta duk masu hanawa ne, shi ya sa a ke naɗe waya da ita. Cikin 1977 Hideki Shirakawa da Alan MacDiarmid da Alan Heeger suka nuna cewa wata roba mai suna poliyasitilin, in an ratsa ta da tururin aidin, tana ɗaukar lantarki fiye da dā ninkin-ba-ninki. An ba su lambar Nobel cikin 2000. Cikin 1987 kuma Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak suka ƙera fitila siririya da wani mahaɗi mai suna Alq3, wanda ya ƙunshi zarrar alminiyam ɗaya da zobban kabon kewaye da ita. Daga wannan fitila aka samo irin fuskar wayar hannu da talabijin da a ke kira OLED.

Waɗannan mahaɗai suna da araha, ba su da nauyi, suna lanƙwasuwa, ana kuma iya shimfiɗa su ba tare da zafi mai tsanani ba, waɗansu ma buga su a ke yi kamar tawada. Amma dalilin da ya sa masana juyi suka waiwaye su dabam ne.

5. Dalilin Haɗin

Abu biyu ne manya ke birkita juyin elektiron. Na farko, sa'ad da elektiron ke gilmawa kusa da cibiyar zarra, cajin cibiyar ya kan zame masa tamkar maganaɗisu, ya karkatar da juyinsa. Ƙarfin wannan karkatarwa yana hawa da sauri gwargwadon lambar zarra. Bisa ƙiyasin da a kan yi amfani da shi, sai a ninka lambar da kanta har hawa huɗu. Lambar kabon 6 ce, ta silikon 14, ta galiyam 31, ta asanik 33. In an bi lissafin, kabon zai ba da 1,296, asanik kuwa 1,185,921, watau fiye da ninki 900. Mahaɗan kabon galibinsu kabon ne da haidirojin, su kuwa suna cikin mafiya sauƙin zarra.

Na biyu, cibiyar waɗansu zarra ita kanta ɗan maganaɗisu ce. Wajen kashi 99 cikin ɗari na kabon da ke duniya cibiyarsa ba ta da wannan hali, amma ta haidirojin tana da shi. An gwada wannan a Jami'ar Utah ta Amurka cikin 2010, inda Valy Vardeny da abokan aikinsa suka musanya haidirojin na wata roba da ɗan'uwansa mai nauyi, diyuteriyam, wanda maganaɗisun cibiyarsa ya fi rauni. Sai juyi ya ƙara daɗewa kafin ya birkice.

Saboda waɗannan dalilai, juyin da kan ɓace cikin ƙarfe kafin kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, ya kan kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa a mahaɗan kabon, wani lokaci ma ya zarce haka nesa. Ga idon mutum duka biyun ƙiftawa ce, amma ga na'ura tazarar ta fi ninki dubu.

Sai dai akwai cikas. Cikin silikon zarra sun jeru sahu-sahu, elektiron ya kan sheƙa kamar mahayi bisa shararriyar hanya. A shimfiɗar Alq3 kuwa ƙullin zarra a hargitse su ke, elektiron sai ya yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan, kamar mai ƙetare rafi bisa duwatsu, yana tsayawa a kowane dutse yana neman na gaba. Saurinsa a nan ya gaza na silikon da ninkin miliyoyi. Ashe ke nan ƙarfe ɗan aike ne mai gudu amma mai mantuwa, mahaɗin kabon kuwa dattijo ne mai riƙe saƙo amma mai jan ƙafa. Nisan da saƙo zai kai ya dogara ga abu biyun tare, riƙo da sauri. Hausawa su kan ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A wannan sha'ani kuwa daɗewar tana da wa'adi, in ya cika dattijon ma ya manta.

6. Gwaje-gwajen Farko

Gwajin farko an yi shi ne a birnin Bolonya na Italiya cikin 2002, ƙarƙashin Valentin Dediu. Ya yi amfani da wani maganaɗisu mai suna LSMO, haɗin lantanam da sitirontiyam da manganis da oksijin. An zaɓe shi domin kusan dukan elektiron ɗinsa masu tafiya fuska ɗaya su ke duba in yana cikin sanyi, kuma ba ya tsatsa a iska. Aka ajiye guntaye biyu na LSMO kusa da juna, aka cike tazarar da wani mahaɗin kabon mai zobe shida a jere. Da aka ɗora maganaɗisu, turjiya ta sāke da kimanin kashi 30 cikin ɗari, a zafin ɗaki, matuƙar tazarar ba ta wuce nanomita 200 ba. Raunin gwajin shi ne ƙofofin biyu iri ɗaya ne, ba a iya juya ɗaya a bar ɗaya.

Cikin 2004 masanan Utah, Vardeny da Jing Shi da ɗalibansu, suka gyara wannan. Suka sa LSMO a ƙasa, Alq3 mai kauri fiye da nanomita 100 a tsakiya, kobal a sama. Tun da ya ke LSMO ya fi kobal saurin juyawa, aka iya saɓa su, aka iya daidaita su. A digiri 262 ƙasa da sifiri turjiya ta sāke da kashi 40 cikin ɗari. Da aka riƙa ɗumama na'urar sai sākewar ta yi ta raguwa, ta ɓace tun kafin a kai zafin ɗaki. Wani abin mamaki kuma, turjiyar ta fi ƙanƙanta sa'ad da ƙofofin suka saɓa, akasin misalin garin nan mai ƙofa biyu.

7. Gardama

Sakamakon Utah ya sa ɗakunan gwaji da dama suka shiga aikin, amma amsoshinsu suka sha bamban. Waɗansu suka sami sākewa babba, waɗansu ƙarama, waɗansu ba su ga kome ba. Tuhuma uku aka kawo.

Ta farko, mahaɗin kabon abu ne mai taushi. In an feso masa tururin kobal mai zafi, ƙarfen ya kan nutse ciki, har ya yi saiwoyi. Su masanan Utah sun faɗa da kansu cewa nutsewar ta kan kai wajen nanomita 100. In saiwa ɗaya ta kusa taɓa LSMO, elektiron zai iya tsallakawa kai tsaye ba tare da ya zauna cikin mahaɗin ba, ke nan ba a gwada riƙon dattijo ba ko kaɗan.

Ta biyu, tun cikin 2000 Georg Schmidt da abokansa a Jamus sun nuna da lissafi cewa in turjiyar shimfiɗar tsakiya ta fi ta ƙarfe nesa, zaɓen da ƙofa ke yi ya kan narke, kusan ba ya tasiri. Maganinsa shi ne a sa wani siririn shinge mai hana lantarki tsakanin ƙarfe da samikondakta.

Ta uku ita ce mafi nauyi. Akwai wata jarrabawa da a ke yi wa duk mai da'awar ya tura juyi cikin samikondakta, mai sunan Wilhelm Hanle. A kan ɗora maganaɗisu a gicciye, ta yadda juyin elektiron zai riƙa lilo yana tafiya. Tun da ya ke kowane elektiron da lokacin isowarsa, za su iso suna duban fuskoki dabam dabam, alamar bawul ta dushe. Silikon ya ci wannan jarrabawa cikin 2007. Amma cikin 2013 masana a Italiya da Jamus suka gwada bawul na mahaɗan kabon, alamar ba ta dushe ba.

Masu kare da'awar su ma suna da hujja. Cikin 2009 Alan Drew da abokansa suka harba waɗansu ƙwayoyi masu suna miyuwon cikin bawul mai Alq3 a ƙasar Suwizalan, suka auna rinjayen juyi a cikin mahaɗin kansa. Cikin 2019 kuma ƙungiyar Henning Sirringhaus a Kambirij ta ba da labarin juyi ya yi tafiyar fiye da nanomita 1,000 cikin wata roba da aka cika da masu ɗaukar caji. Bayaninsu shi ne, in elektiron sun yi cunkoso, maƙwabci ya kan miƙa wa maƙwabci juyi ba tare da kowa ya gusa ba, kamar yadda a ke miƙa bokitin ruwa hannu da hannu wajen kashe gobara. In haka ne, saƙo ya fi ɗan aike sauri, ba zai sami lokacin yin lilon da jarrabawar Hanle ke nema ba.

8. Mahaɗar Ƙarfe da Kabon

Binciken saɓanin nan ya kai masana ga wani wuri da ba su nufa ba tun farko, watau daidai inda ƙarfe da mahaɗin kabon suka taɓa juna. Cikin 2010 Clément Barraud da abokansa a Faransa, har da Fert a cikinsu, suka ƙera bawul ɗan mitsitsi na LSMO da Alq3 da kobal, suka sami sākewar kashi 300 cikin ɗari a digiri 271 ƙasa da sifiri. Suka bayyana cewa sahun farko na ƙullin zarra da ya kwanta bisa ƙarfe ya kan sarƙu da shi, ya zama wata sabuwar rariya mai tace juyi. Gwargwadon ƙarfin sarƙewar, rariyar tana iya ƙara wa zaɓen ƙofa ƙarfi, tana kuma iya juyar da shi baki ɗaya. Wannan ya ba da hanyar fahimtar abin mamakin da aka gani a Utah.

Tasirin kuwa ta kowane gefe ya ke bi. Cikin 2015 masana a Jami'ar Leeds ta Ingila suka shimfiɗa C60, ƙulli mai zarrar kabon 60 da siffar ƙwallo, bisa siririn jan ƙarfe. Jan ƙarfe ba mayen ƙarfe ba ne, amma a mahaɗar sai aka sami maganaɗisu mai rauni a zafin ɗaki. Muhimmancin wannan shi ne masanin kimiyyar haɗe-haɗe yana iya tsara ƙullin zarra yadda ya ga dama, ya ƙara reshe nan, ya cire can, ta haka ya sāke halin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa.

Akwai kuma ƙulle-ƙullen zarra masu murɗiya kamar igiya, waɗansu murɗin dama, waɗansu na hagu. Ron Naaman na Cibiyar Weizmann a Isra'ila ya fara nuna cikin 1999 cewa irin waɗannan suna fifita juyi ɗaya bisa ɗaya. Cikin 2011 aka gwada da zaren DNA, aka sami rinjayen kimanin kashi 60 cikin ɗari a zafin ɗaki, alhali zaren ba maganaɗisu ba ne.

9. Juyi da Haske

Inda ilmin juyi ya riga ya biya kuɗinsa a mahaɗan kabon shi ne wajen fitila. A cikin OLED elektiron ya kan gamu da gurbin da wani elektiron ya bari, su haɗu su ba da haske. Juyin ma'auratan nan yana iya jeruwa ta hanya huɗu, amma a mahaɗi irin Alq3 hanya ɗaya kaɗai ke ba da haske, sauran ukun zafi su ke zama. Watau kashi 75 cikin ɗari asara ne. Cikin 1998 da 1999 Stephen Forrest da Mark Thompson da Marc Baldo a Amurka suka cusa zarra masu nauyi, filatinam da iridiyam, don su birkita juyi da gangan, sai hanyoyin ukun nan su ma suka ba da haske. Abin da ke aibi ga bawul ya zama magani ga fitila. Cikin 2012 kuma masanan Utah suka haɗa bawul da fitila cikin na'ura ɗaya, wadda haskenta ke ƙaruwa ko raguwa kaɗan in an juya maganaɗisu, ko da ya ke sai cikin sanyi ta ke aiki.

10. Naɗewa

Abin da ya tabbata shi ne juyi yana daɗewa cikin mahaɗan kabon, kuma mahaɗarsu da ƙarfe tana iya tace shi, ta ƙarfafa shi, ko ta juyar da shi. Abin da ya rage wa maƙera shi ne su sami bawul mai ba da alama babba a zafin ɗaki, wanda in an ƙera dubu za su fito da hali ɗaya, wanda kuma iska da laima ba za su lalata shi ba. Ma'ajiyar maganaɗisu da ke kasuwa da ƙarfe da maganisiyam oksaid a ke yinta, mahaɗan kabon ba su kai ga tsere da ita ba tukuna.

Ga malamin da zai koyar da wannan a aji, gwajin Utah na 2004 da jarrabawar Hanle ta 2013 sun isa darasi guda. Na farko ya nuna alamar da a ke nema, na biyu ya tambayi ko alamar daga inda a ke zato ta fito. Kelvin ya ga sākewar turjiya cikin 1856, Fert da Grünberg suka zo bayan shekara 132, IBM ya kai nasu kasuwa bayan shekara 9. Reshen mahaɗan kabon kuwa cikin 2002 ya tsiro.